Albashin hannu da hannu: me ya sa samari ke karɓar aiki ba takarda?

Yanzu doka ta ce mafi ƙanƙantar albashi a ƙasar Nijar, abin nan da ake ce ma SMIG, jikka 42 ne a wata. Kafin nan, tun 2012, yana tsaye a sefa 30.047 bai motsa ba, alhali buhun hatsi da na shinkafa ba su tsaya jiran shi ba. Sendikoki sun yi maraba da ƙarin, mu kuma mun karanta sanarwar a gidajen rediyo har bakinmu ya gaji. To amma jama'a, ku da kuke wuni a babbar kasuwar Maraɗi, ko kasuwar Dole ta Damagaram, ko Katako da Wadata a Yamai, ku waiwaya ku dubi yaran da ke kewaye da ku: mai buɗe kanti da sassafe, mai sauke kaya daga kamyo, mai tura baro, yarinyar da ke wanke kwanoni wurin mai tuwo. Nawa ne daga cikinsu wannan ƙari ya kai ga aljihunsu? Kun fi ni sanin amsa, tun da daga hannunku kuɗɗin ke fita.

Masu ƙididdiga sun daɗe suna faɗin cewa kamar mutum tara cikin goma na masu aiki a ƙasar nan, aikinsu ba ya cikin littafin kowa. Babu kontira, babu takardar biyan albashi ta ƙarshen wata, babu lamba a asusun CNSS wanda kowa ya sani da Kes. Wata ya ƙare, ko yamma ta yi, maigida ya ƙirga ya miƙa, yaro ya karɓa ya ce na gode. Shi ne albashin hannu da hannu. In ka tambayi ƴan buro dalili, sai su ce jahilci ne, yaran ba su san haƙƙinsu ba. In ka tambayi ƴan sendika, su ce zaluncin masu gida ne. Akwai gaskiya a kowace magana, amma ba ta cika ba. Samarin yanzu da waya a hannu, da yawansu sun yi lakkol, wasu har da diplom, sun san da zaman Kes sarai. Suna karɓar wannan albashi idonsu buɗe, bayan sun yi lissafi. Lissafin ne ya kamata mu bi daki-daki, don in ba mu gane shi ba, duk wa'azin da za a yi masu a rediyo iska ce za ta kwashe.

Mu fara da abin da ake bari in aka ƙi Kes. An kafa ta a 1965, kuma abu ukku take riƙe da su. Akwai kuɗɗin iyali, wato ɗan tallafin ɗiya da na mace mai ciki da mai jego. Akwai ɗaukar nauyin wanda ya yi hatsari a bakin aiki ko ya kamu da ciwon da aikin ya jawo. Sannan akwai fansho na tsufa da na naƙasa, da abin da ake ba matar mamaci da marayunshi. Don a samu wannan, ana cire ma ma'aikaci kashi 5,25 cikin 100 na albashinshi, maigida kuma ya zuba kashi 16,4 daga aljihunshi.

Mu ɗora wannan kan jikka 42. Abin da za a cire ma yaro sefa 2.205 ne, ya tashi da 39.795. Abin da maigida zai ƙara 6.888 ne, ke nan yaron ya tsaya mashi a 48.888 kowane wata. Yanzu a ce maigida mai kirki ne, ya kira yaro ya ce: in kana so in rubuta ka a Kes, ga abin da za ka riƙa karɓa, in ba ka so, in ba ka jikka 45 a hannu, babu cire ko dala. Maigida ya rage kusan jikka huɗu, yaro ya ƙaru da jikka biyar da ɗoriya. Wane saurayi ne zai tsaya dogon tunani? Jikka biyar a hannun wanda ke aika ma tsohuwarshi kuɗɗin hatsi a ƙauye ba abin wasa ba ce. Kuma wannan misalin mai daɗi na kawo. Mafi yawan lokaci babu wanda ke ba yaro zaɓi, kuma kun san akwai wuraren da ko rabin SMIG ba a kaiwa.

Sai maganar jira. Fansho sai mutum ya kai shekara 60, kuma sai an yi shekaru ana zuba mashi a Kes. Ka ce ma ɗan shekara 20 ya haƙura da kuɗɗin yau saboda abin da zai samu bayan shekara 40, a ƙasar da ake ta faɗa a rediyo cewa tsawon rai bai wuce 60 da ƴan kai ba. Gaskiya ne wannan adadi mutuwar ƙananan yara ce ke jawo shi ƙasa, kuma wanda ya kai 20 da rai yana da kyakkyawan zaton ya wuce 60 in Allah ya so. Amma yaro ba da wannan yake auna abu ba. Yana auna shi da ƴan uwan babanshi da ya ga an rufe kafin furfura ta gama fitowa.

Ban da haka, tsarin kanshi an ɗinka shi ne daidai jikin ma'aikacin buro da na kamfani, mai aiki wata 12 a shekara wuri guda. Saurayin Dakoro ko na Mayahi ko na Ɓagaruwa ba haka yake aiki ba. Yana shigowa birni bayan an gama girbi, ya yi wata shidda ko bakwai, da hadari ya haɗu ya koma gona. Bana yana kanti a Maraɗi, baɗi yana ɗaukar kaya a Kano, shekara ta gaba yana haƙar zinari a arewa, tun da aka gano shi a Jado a 2014. Wa zai bi shi da takarda? Wasu ma ko takardar haihuwa ba su da ita, balle a buɗe masu lamba. Kuma abin da ya fi tsoro, wato zazzaɓin cizon sauro ya kayar da shi sati biyu, ko matarshi ta kwanta asibiti, ba ya cikin rassan nan ukku. Ciwon da ba aiki ya jawo ba, Kes ba ta da reshenshi. Ke nan an ce mashi ya biya kuɗɗin laima, amma ruwan da ya fi dukan shi ba ta tare shi.

Akwai kuma rashin yarda, kuma ba daga sama ya faɗo ba. Iyayen waɗannan samari sun ga shekarun 1990, lokacin da ma'aikatan gwamnati kansu, masu takarda da lamba da komi, suka riƙa yin watanni ba albashi, har suna cin bashin gishiri wurin ku mata na kasuwa. Sun ga an karya darajar sefa a Janairun 1994, abin da mutum ya tara ya raba biyu dare ɗaya. Sun ga SONARA, da ta riƙe cinikin gyaɗar ƙasar nan, ta zama tarihi. Su samarin da kansu malaman kontira ne suka koya masu karatu, waɗanda suka sha shiga yajin aiki don ɗan abin da ake ba su bai zo kan lokaci ba. Yaron da ya ga mushenshi yana bin buro-buro neman haƙƙinshi, da wuya ka gamsar da shi cewa takarda ce maganin talauci. A nan gwamnatoci ba su da bakin yi ma ɗan kasuwa faɗa sosai, don su suka fara nuna hanyar ɗaukar mutum aiki da rahusa.

Sai dai in za a yi adalci, takarda ta nuna amfaninta a ranar da ake bukatarta. Ranar 31 ga Maris na 2021 aka rufe kamfanin Cominak mai haƙar yuraniyom a Akokan kusa da Arlit. Ma'aikatan kamfanin na kanshi, su kimanin 600, sun fita da kuɗɗin sallama da aka yi yarjejeniya a kai. Su kuwa ɗaruruwan da ke aiki ta hannun ƴan kwangila, da suka shiga rami ɗaya suka shaƙi ƙura ɗaya, sai da aka yi ta kiraye-kiraye kafin a waiwaye su, kuma abin da suka samu bai kama ƙafar na sauran ba. Bambancin bai wuce sunan wa ke rubuce a littafin wa ba.

Dalilin da ya fi kowane nauyi kuwa, yawa ne. Ƙidayar 2012 ta same mu miliyan 17 da ɗoriya, yau mun haura miliyan 25, kuma kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba. Kowace shekara dubban ɗaruruwan samari ke isa neman na kansu, gonar gado kuma sai ƙara tsukewa take, musamman a jahar Maraɗi da kudancin Damagaram. Hanyoyin da ke rage cunkoso sun yi ta toshewa. Najeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Takunkumin CEDEAO ya sake rufe ta daga tsakiyar 2023 zuwa farkon 2024. Naira ta faɗi a 2023, har ɗan ci-rani ya canza abin da ya tara a Kano ko Legas ya ga bai taka kara ya karya ba. Ƴan bindiga sun tada ƙauyuka a Madarunfa da Gidan Runji, samarinsu sun kwararo birni. In mutum goma na tsaye bakin kanti suna jiran gurbi ɗaya, wanda ya ce sai an yi mashi kontira shi ne na farkon komawa gida. Yaro ya san haka ko ba a faɗa mashi ba.

Masu diplom ma ba su tsira ba. Tun da aka buɗe jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa a 2010, masu fitowa sun ƙaru, gurabun gwamnati ba su ƙaru daidai da su ba. Mutum ya gama, ya yi bautar ƙasa, ya kai takardunshi ANPE, ya zauna. Sai wata lakkol mai zaman kanta ta ɗauke shi tana biyan shi da awa, hutun damina babu ko dala. Ko wani kamfani ya ce ya zo gwajin aiki, gwajin ya kai shekara biyu. Yana karɓa don ya samu abin rubutawa a takardar neman aiki na gaba, don kuma kada a ce mashi zauna-gari-banza a unguwa. Mu ƴan rediyo da jarida ba mu da bakin yi ma kowa dariya: sai a 2021 aka sa hannu kan yarjejeniyar aiki ta ƴan jarida a ƙasar nan, kuma har yau akwai masu karanta ma jama'a labarin SMIG da su kansu ba su taɓa ganin takardar albashi ba.

To duk waɗannan dalilai ne na matsi. Amma akwai wani da ba matsi ba ne, fata ne, kuma shi ya fi shafar ku ƴan kasuwa.

Kasuwar Hausa tana da nata Kes tun kafin a haifi ta gwamnati. Uba ya kama hannun ɗanshi ya kai ma Alhaji, ya ce ga amana. Ba a yanka albashi. Yaro ya ci a gidan, ya kwana a zaure ko a kanti, in ya yi ciwo maigida ya kai shi likita, da salla a ɗinka mashi. Ya fara da shara da aike, ya koma awo, ya koma riƙon aljihun kanti, har a fara tura shi Kano ko Kwatano ko Lome sayen kaya. In ya isa aure maigida ya yi mashi, wani ma ya ba shi ɗiyarshi. Bayan shekara bakwai ko goma sai a sallame shi: a ba shi jari, ko a buɗe mashi rumfa, a riƙa ba shi kaya bashi ya sayar ya biya, a gabatar da shi ga manyan diloli a ce wannan yarona ne. Alhazan Maraɗi da yawa da ake ji da su, ta wannan ƙofa suka shigo. Kalmar nan, yarona ne, ta fi kowace takarda daraja a kasuwa, don da ita ake samun kayan miliyoyi ba a ajiye ko sisi ba.

Idan ka auna wannan da fanshon shekara 60, yaron da ya zaɓi maigida bai yi wauta ba. Sallama tana zuwa yana da ƙarfinshi, yana ɗan shekara 28 ko 30, kuma tana mai da shi mai gidan kanshi. Fansho kuwa ma'aikaci yake tarar da kai, ma'aikaci yake barin ka. Har ila yau, neman takarda a irin wannan zama ɓata zumunci ne. Wanda ubanka ya kai ka wurin shi, ka dube shi ka ce ya sa maka hannu? Ai ka ce ba ka yarda da shi ba ke nan, ka kuma mai da kanka ɗan ƙodago bayan an ɗauke ka ɗan gida. Ɗan ƙodago ana biyan shi a rabu. Ɗan gida ana sallamar shi. Samari da yawa na yin shiru kan albashi ne don kada su faɗo daga matsayi na biyu zuwa na farko.

Matsalar ita ce wannan tsari yana ruɓewa daga ciki, kuma ba kowa ke son a faɗa ba. Jarin da ake sallamar yaro da shi shekara 30 da suka wuce, yau ko hayar rumfa ta shekara ba zai biya ba. Riba ta ragu, masu kanti sun yi yawa, iyaka na buɗewa tana rufewa. Maigida yana da ɗiya 15 na cikinshi da suka gama lakkol ba aiki, su ma kanti suke kallo. Sai aka samu sabon salo: ana kiran yaro ɗan gida in ana maganar awoyin aiki, daga asuba har isha, babu Lahadi babu hutu, in kuma aka zo maganar ciwo ko aure ko jari, sai a tuna mashi ai ana ba shi ɗan wani abu kowane wata. An ɗauki ladabin tsohon tsari da rahusar sabo an haɗa, an bar nauyin kowannensu. Kuma duk wanda ya daɗe a kasuwa ya san labarin da ake yawan ji: yaro ya yi shekara takwas, lokacin sallama ya matso, kwatsam sai lissafi ya ƙi cika, a ce ya yi sata, a kore shi da kunya. Wani lokaci gaskiya ne ya yi, don yaron da ya fara shakkar za a sallame shi yakan fara sallamar kanshi a ɓoye, kaɗan-kaɗan. Wani lokaci kuma sharri ne. Tun da babu rubutu babu shaidu, babu mai iya rabewa.

Ko da maigida mutumin kirki ne mai niyyar cika alkawari, rai ba a hannunshi yake ba. Ranar da ya faɗi ya mutu, magada za su zauna da malamai a raba kanti da gida da mota. Yaron da ya yi shekara goma yana gadin dukiyar nan ba ya cikin masu gado, alkawarin da aka yi mashi da baki kuma ya bi mai shi kushewa. In magada sun ji tausayi su ba shi na mota. A nan ne wanda ya ƙi Kes don yana jiran sallama ke tashi ba tsuntsu ba tarko, yana ɗan shekara 30 da mata da ɗiya biyu.

Na ɓangaren ƴan mata ya fi wannan duhu, kuma iyayena mata ku yi haƙuri in taɓo ku. Yarinyar da aka kawo daga ƙauye tana wanke-wanke wurin mai abinci, ko tana aikin gida a Yamai, sau da yawa ko hannu da hannun ma ba ta samu. Kuɗɗin na tafiya wurin uwarta, ko wurin matar da ta kawo ta, wadda ke cire nata kason, da sunan ana tara mata na kayan ɗaki. Ita ma tana da irin nata fata: uwar ɗakina za ta yi mani gara in na tashi aure. Akwai masu yi, har su wuce abin da aka zata, Allah ya saka masu. Akwai kuma waɗanda da yarinya ta ƙone da mai ko ta kwanta ciwo sai a sa ta mota a ce ta je gida ta warke. Dokar aiki ta 2012 ta ba mace ma'aikaciya hutun haihuwa na sati 14, ta ba kowane ma'aikaci hutun kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki. Je ka karanta ma mai soya ƙosai wannan, ita da ba ta huta ba ko ranar sunan ɗanta, ka ji abin da za ta ce maka. Ba ta ƙi doka ba ne, dokar ce ba ta san da ita ba. Amma wahalar uwar ɗaki ba ta goge haƙƙin yarinya.

Su ma masu kanti suna da nasu lissafin, kuma na san shi don suna faɗin shi da an buɗe layin waya a rediyo. Tsoronsu bai tsaya ga 6.888 ba. Suna ganin ranar da suka kai sunan yaro Kes, sun kai kansu ga ƴan lanho: a tambayi lambar NIF, a ce tun da kana da ma'aikata ukku cinikinka ya wuce abin da ka faɗa, a ƙara maka patanti. Wanda ya ga yadda aka kai ruwa rana kan harajin TVA na kayan masarufi a 2005, da kan takardar ciniki ta na'ura da aka shigo da ita a 2021, ya san ɗan kasuwar ƙasar nan da buro kallon hadarin kaji suke ma juna. Sai dai akwai abin da da yawa ba su sani ba. A idon doka, rashin takarda ba ya nufin babu kontira. Wanda ke aiki ƙarƙashin umurninka kana biyan shi, ma'aikacinka ne ko da baki kuka yi magana, kuma yana iya kawo shaidu gaban masu binciken aiki ko kotu. Kes kuma tana da ikon bin ka zubin duk watannin da ba ka yi ba, da tara a kai. Abin da ya sa ba ku cika ganin haka ba, masu binciken kaɗan ne, yaran kuma na jin kunya. Kunyar nan kuwa raguwa take. Ranar da buhu ya faɗo ma yaro a baya, ko injin niƙa ya cinye mashi hannu, wani ɗan uwanshi da ya yi lakkol zai nuna mashi hanyar buro.

A ganina, a nan ne ya kamata hukuma ta sassauto. Daga cikin kashi 16,4 da ake nema wurin maigida, na hatsarin aiki kashi 1,75 ne kawai. Kan jikka 42, sefa 735 ke nan a wata, bai kai kuɗɗin shayin sati na bakin kanti ba. Da za a buɗe ma ƙananan ƴan kasuwa ƙofa su fara da wannan reshe kaɗai, a biya ta waya ko ta hannun ƙungiyar ƴan kasuwa, tare da alkawarin cewa sunan da aka kai Kes ba zai zama tsanin hawan ƴan lanho ba, da masu shiga sun yi yawa. Ƙasar Kodebuwa, inda ƴan ci-raninmu suke da yawa, ta buɗe wani tsari na daban don masu sana'ar kansu tun 2019, abin da ke nuna ana iya ɗinka riga daidai jikin kasuwa. Cewa ko ka ɗauki kayan duka ko ka bari, shi ya sa shekara 60 bayan kafa Kes, mafi yawan masu zufa a ƙasar nan ba su san ƙofarta ba.

Kafin hukuma ta motsa, akwai abin da ba ya bukatar izinin kowa. In maigida na nufin sallama, ya faɗe ta tun ranar farko gaban uban yaro da mutum biyu na kasuwa: shekara kaza za ka yi, abu kaza zan ba ka, in ka yi ciwo ga wanda zai ɗauki magani, in na rasu kafin lokaci a fitar maka da kaza daga dukiyata kafin rabo. A rubuta, da boko ko da ajami, kowa ya riƙe kofi, a ajiye guda wurin shugaban ƴan layin. Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take da kafa shaidu, kuma ku da kanku ba ku ba dila kayan jikka 50 ba tare da kun sa a littafi ba. In kuma ba sallama ake nufi ba, to a gaya ma yaro gaskiya cewa shi ɗan albashi ne, a yanka mashi abin da zai iya rayuwa da shi, a bar mashi ranar hutu, ya san ba ya jiran komi, ya shiga adashi ya tara ma kanshi. Yaron ba zai iya fara wannan magana ba, don ranar da ya buɗe baki akwai tara a bakin ƙofa masu jiran gurbinshi. Daga wajen maigida da uwar ɗaki za ta fito, ko daga shugabannin kasuwa in sun zauna taronsu na gaba.